Tururin da Ba a Ƙirga Ba

Zuwa ga Yayata Lauya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Mama tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ƙafar ta yi sauƙi. Kada ki yarda, jiya ma da bango take tafiya.

Na kira ki har na gaji, kullum kina cikin taro. Shi ya sa na ɗauko takarda da biro, tunda ku mutanen ofis ba kwa jin magana sai an rubuta an sa hannu.

Ga abin da ya tayar min da hankali. Mai kamfaninmu ya dawo daga birni da daftarin sabuwar dokar da hukumarku ta kula da wutar lantarki za ta fitar. Ya ajiye min a tebur ya ce, "Injiniya, karanta ka gaya min ko in fara neman mai sayen injin." Na yi dariya. Da na karanta, dariyar ta tsaya.

Rabonki da shiga ɗakin injin tun Baba yana aiki a nan, don haka bari in tuna miki. Ɓuntun shinkafar da muka casa shi muke ƙonawa a ƙarƙashin babbar tukunya. Tukunya ta ba da tururi, tururi ya juya inji, inji ya ba da wuta. Tururin da ya fito ta bayan injin kuma da sauran zafinsa, ba ma zubar da shi. Da shi muke turara shinkafa mu busar da ita, ragowar ruwan zafin ya bi bututu zuwa asibitin haihuwa da rumfar masu wanki. Wutar ta fi ƙarfin kamfani, shi ya sa tun zamanin su Baba aka ja waya zuwa layukan da ke bayan katanga, har da namu. Wayar babban kamfanin rarraba wuta kuwa a bakin titi ta tsaya, ba ta taɓa leƙo mu ba.

To, daftarinku ya ce duk wanda zai ba wa wani wuta sai ya karɓi lasisi. Wannan ban ƙi ba. Amma ya ce ba za a ba da lasisi ga injin da ke ɓarnar makamashi ba, kuma a wurin awon ɓarnar, wuta kaɗai za a ƙirga. Tururin da ke turara shinkafa, da ruwan zafin da ake wa jarirai wanka da shi, a lissafinku duk asara ce ta bi iska. Idan aka auna mu haka, mun faɗi tun kafin a fara. Ke nan dole mu yanke wayar layuka.

Yaya, kin san mutanen da ke kan wayar nan. Tela, da Mai Walda, da Gwaggo Mai Ƙanƙara wadda firjinta ne ya raini marayun ɗanta. Shekaranjiya ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Auta, an ce gwamnati za ta kashe mana wuta, amma na ce ƙarya ne, ai 'yarmu tana can." Sai kawai na sayi ƙanƙarar da ba na buƙata.

Ki gaya min gaskiya, haka dokar za ta fita? Idan kuskure ne, wa ake gaya wa?

Amarya tana gaishe ki. Ta ce shekara nawa da aure har yanzu kina kiranta Amarya, ita dai ba ta gaji da ji ba.

Wassalam. Naki,
Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Wa'alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, na kuma ji daɗin jin lafiyarku. Ka kai Mama asibiti ko ta ƙi. Idan ta yi faɗa, ka ce ni na sa ka.

Game da tambayarka, akwai abin da zan iya rubutawa, akwai wanda ba zan iya ba. Ina roƙonka ka karɓi wannan yadda na faɗa, ba tare da ka ƙara masa fassara ba.

Ka rubuto kamar mun zauna ne kawai muka ƙirƙiro wa mutane wahala. Ba haka ba ne. Bara wata kasuwa ta ƙone ƙurmus saboda wani mai janareta da ya ja wa shaguna waya ta cikin rufin kwano. Ina cikin waɗanda aka tura su duba. Na ga wata mata zaune a kan tokar shagonta tana tone-tone da hannu, mijinta yana ciki lokacin da wutar ta tashi. Ba wanda ya taɓa duba wayar nan, domin babu dokar da ta ce a duba. A wasu unguwannin kuma masu injuna suna ƙona man dizal, su cika wa mutane huhu da hayaƙi, su yanka musu farashin da suka ga dama. Waɗannan muka nufa da maganar ɓarnar makamashi. Ba ku aka hara ba.

Amma ka yi gaskiya, awon bai dace da irin injinku ba. Injiniyoyinmu sun san da haka. Matsalar ita ce auna zafi ya fi auna wuta wuya, ma'aikatanmu kaɗan ne, sannan akwai manyan da suka fi son dokar ta tsaya yadda take. Iyakar abin da zan ce ke nan.

A watan gobe za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a nan birni. Ka zo, kai ko mai kamfaninku. Ka rubuta bayaninka a taƙaice, ka zo da takarda daga asibitin haihuwa. Ka yi magana a hankali. Na san ka, Auta, tun kana rarrafe idan ranka ya ɓaci bakinka ke riga kanka. Wannan ba wurin haka ba ne.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi muhimmanci. A wurin zaman zan kasance a teburin kwamiti. Kada ka gaishe ni, kada ka nuna ka san ni. A ofis da sunan maigidana aka san ni, ba wanda zai haɗa mu. Idan an tashi, ka wuce gida kai tsaye, yara suna ɗokin ganin kawunsu, ɗakinka a gyare.

Ka gaida Amarya. Ka gaida Gwaggo, amma kada ka yi mata alkawarin komai da sunana.

Yayarka

Yaya,

Salamu alaikum. Na iso gida lafiya. Ki ba yara haƙuri da ban biyo ba, daga zauren taron tasha na wuce. Tsarabarsu tana jakata, na dawo da ita.

Ban san yadda abin ya kasance daga inda kike zaune ba, amma bari in gaya miki yadda ya kasance daga inda nake.

Tun da safe nake kan kujerar baya, da takarduna a cinya, da rigar da Tela ya ɗinka min kyauta don wannan tafiyar. Mutumin kamfanin rarraba wuta ya yi magana har ya sha ruwa ya ci gaba, ba wanda ya dubi agogo. Masu manyan tashoshi suka yi nasu. Sai da rana ta yi sanyi, rabin zauren ya watse, sannan aka kira ni. Ina cewa da ɓuntun shinkafa muke aiki, sai mutumin kamfanin ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Yau kuma kaji muka zo saurara?" Aka yi dariya. Ban kai ga maganar asibiti ba shugaban kwamiti ya ƙwanƙwasa tebur, wai lokacina ya ƙare, in miƙa takardata ga sakatare.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma na dube ki, Yaya. Kanki a sunkuye kina rubutu, kamar ana maganar wata ƙasa. Ko ɗagowa ba ki yi ba. Sai na tuna kin ce kada in nuna na san ki, na ce ashe abin da ake nufi ke nan. Ƙanenki mai warin hayaƙi bai dace da zauren ba.

Abin da na faɗa kin ji shi, kowa ma ya ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ba ku yarda da ni ba, ku tambayi wadda ke zaune a hannun damanka. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da wutar injin nan ta yi karatun da ya kawo ta kan kujerar nan." Na ga shugaban ya juyo ya dube ki. A lokacin ne kika ɗago.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji sanyi a raina da na faɗa. Har yanzu ban ga ƙarya a ciki ba. A layinmu labari ya riga ni isowa, Mai Walda har ɗaga ni ya yi sama, wai na gaya wa manya gaskiya. Mama ce kaɗai ba ta taya su murna ba. Ta tambaye ni ko na ci abinci a gidanki, na ce a'a, ta juya ta shiga ɗaki.

Idan na ɓata miki, ke kika fara.

Auta

Auta,

Bayan sallama. Na jinkirta amsa ne don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Yanzu zan gaya maka abin da ban iya gaya maka ba a baya, tunda babu sauran abin da ɓoyewar za ta kare.

Tun ranar da wasiƙarka ta farko ta iso na fara aiki a kan wani gyara. Ni da injiniyoyi biyu muka tsara sakin layi guda, wanda ya ce duk injin da ke ba da wuta da zafi tare, za a ƙirga masa zafin da aka yi amfani da shi. Na bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya har ofisoshinsu. Na kawo misalin masana'antun rake da na takarda, ban taɓa ambaton naku ba. Kafin ranar zaman, mafi yawansu sun amince, shugaban ma ya ce a kawo shi a zama na gaba. Rubutun da ka ga ina yi kaina a sunkuye, maganganunka nake ɗauka kalma bayan kalma, don in jingina gyaran da su. Na ƙi ɗagowa ne saboda na san idan muka haɗa ido, fuskata za ta tona ni.

Ƙa'idar aikinmu ta ce wanda ke da ɗan'uwa a cikin abin da ake tattaunawa ya bayyana, ya fita daga kwamiti. Ban bayyana ba. Na san idan na fita babu mai ɗaukar maganar. Wannan laifina ne, kuma na amsa shi a gaban hukuma.

Washegarin zaman, lauyoyin kamfanin rarraba wuta suka kawo ƙorafi a rubuce. Kafin mako ya ƙare an cire ni daga kwamiti. Gyaran kuma aka sa masa suna, sakin layin ƙanen Lauya. Waɗanda suka amince da shi jiya, yau ba mai son a ji ya taɓa ganinsa. An soke shi ba tare da an ko karanta ba. Dokar za ta fita yadda ka gan ta.

Ba a kore ni ba. An mayar da ni sashen ajiye tsofaffin fayiloli, a ƙasan bene, ɗakin da babu taga. Mutanen da muke cin abinci tare, yanzu idan muka haɗu a matakala sai su tuna da waya a aljihunsu.

Ka ce na ji kunyarka. Ranar da Baba ya rasu, da kayan aikinsa a jikinsa aka kawo shi gida, ni na wanke rigar da hannuna. Ban taɓa jin kunyar warin ɗakin injin ba, kuma ban zaci zan buƙaci gaya maka haka ba.

Kada ka karanta wa Mama wannan. Ka gaya wa mai kamfaninku ya shirya.

Yayarka

Zuwa ga Lauya,

Ni ce mahaifiyarki. Amarya ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara min magana. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da jikokina. Ƙafa da sauƙi. Amarya tana harara ta, to babu sauƙi.

Watanni ke nan ba ki rubuto wa ƙanenki ba, shi ma bai rubuta miki ba. Kina kira na a waya ki tambayi lafiyar kowa har da kyanwa, ban da shi. Kun ɗauka ban gane ba. Wasiƙar da kika ce kada a karanta min, na sa Amarya ta ɗauko ta daga aljihunsa ta karanta min tun ranar da ta zo.

An yanke wutar. Da hantsi mutanen hukuma suka zo, samari biyu da wani babba, da ladabinsu, ɗaya har ya roƙi ruwa na ba shi. Suka ce Auta ne ya san wayar, shi zai cire. Da hannunsa ya hau ya kwance ta, mutanen layi suna tsaye suna kallo. Mai Walda da ya ɗaga shi sama kwanaki, shi ya fara cewa, "Yayarsa ta rubuta, shi ya yanke, gida ɗaya suka cinye mu." Auta bai tanka ba. Kin san wannan ba halinsa ba ne.

Kamfanin da aka ce shi zai kawo mana wuta ya zo ya zubar da turakun waya a bakin layi ya tafi. Suna nan kwance, sun zama wurin zaman masu hira. Gwaggo ta sayar da firjinta, yanzu gawayi take ƙullawa a leda. Tela ya koma keken ƙafa, da shekarunsa. Asibiti sun sayi janareta, ƙararsa ba ta barin masu jego su runtsa. Idan na je famfo, mata sai su canja hira. Ni da na haifi mutum biyu, ɗaya tana rubuta dokar wuta, ɗaya yana kunna wuta, ga ni ina laluben takalmina da tocila.

Ba wannan ya sa na sa a rubuto miki ba, duhu ba baƙona ba ne, a cikinsa aka haife ni. Ƙanenki ne. Ya rame. Yana dawowa daga aiki ya zauna a dakali, abinci ya huce a gabansa. Rannan na ce masa, "Ka rubuta mata mana." Ya ce, "Mama, in ce mata me?" Na ce ka ce mata abin da kake gaya wa bango.

Ba zan yi muku shari'a ba. Shi bakinsa ya yi sauri, ke kuma naki ya yi nauyi. Da kin ce masa kalma ɗaya, da ya kama bakinsa. Da shi ma ya yi miki kyakkyawan zato na yini guda, da ba a kai nan ba. Haka ubanku yake, haka nake, kowa ya ɗauki nasa.

Ni dai ina so in ga takardarki ta shigo gidan nan da sunansa kafin idona da ya fara ja baya ya ƙarasa tafiya. Allah ya yi muku albarka.

Mamanku

Yaya, ni ce Amarya. Duk abin da ke sama nata ne. Nawa ɗaya ne: wasu baƙi sun zo sau biyu suna duba injin, yana dawowa kuma ba ya gaya mana komai.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Gajeriyar takardarki ta iso, wadda kika ce in ci abinci. Na ci. Na so a ce kin zage ni, da ya fi min sauƙin amsawa.

An sayar da injin. Tunda aka yanke layuka, rabin ƙarfinsa kawai yake aiki, ragowar tururin muna sakinsa sama. Mai kamfani ya jure iya jurewa, daga baya ya kira ni ya ce, "Injiniya, ba zan iya ciyar da abin da aka hana shi aiki ba." Ban ga laifinsa ba. Ya sayo ƙaramar tukunya don turara shinkafa kawai, da janareta mai shan dizal don injinan casa. Kin ga dokar da aka yi don rage hayaƙi. Ruwan zafin asibiti ya tsaya, masu wanki sun koma itace. Ɓuntun da ya yi saura ya taru ya zama tsauni a bayan katanga, ana cinna masa wuta a fili, tokar tana sauka a kan shanyar mutane.

Ni na kashe injin, ranar Laraba bayan la'asar. Na rufe bututun tururi a hankali yadda Baba ya koya min, ƙarar ta dinga sauka, tana sauka, har ƙasan da ke karkarwa a tafin ƙafata tun ina yaro ya tsaya cik. Ashe akwai tattabaru a cikin rufin. Ban taɓa jin kukansu ba sai ranar. Tsohon da ke hura mana wutar tukunya ya jingina shebur ɗinsa da bango, ya ce, "Gobe ƙarfe nawa?" Ya san amsar, bakinsa ne ya saba.

Waɗanda suka saya daga ƙetaren iyaka suke, can dokarsu ta yarda da irinsa. Sun ce ba su da wanda ya san halinsa, in bi shi in kafa musu, in zauna in kula da shi. Na amsa. Ba zan iya ci gaba da bin layinmu ina gaishe da mutane ba. Amarya da yara za su biyo ni idan na sami ɗaki. Mama ta ce ba inda za ta je, 'yar Kawu za ta dawo wurinta.

Yaya, na sha zama ina maimaita ranar nan. Da na miƙa takardata ga sakatare na koma kujerata, da yanzu Gwaggo tana da firjinta, ke kina ofishinki mai taga. Na je kare mutane, na dawo na kwance musu waya da hannuna. Kuma abin da ya fi ci min rai, na ji daɗi lokacin da nake faɗa. Ki yafe min. Ba don na cancanta ba.

Motar da za ta ɗauke mu, ni da injin, ta iso, suna ɗaure shi da sarƙa. Zan aiko da adireshi.

Ƙanenki,
Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Amarya da yara kuna lafiya, kuma sanyin can bai dame ku ba. Daga ɗakin Mama nake rubuto maka, na ɗauki hutu na zo. Idon ya ƙara ja baya, da murya take gane mutane yanzu. Jiya ƙaramin ɗana ya yi dariya a tsakar gida, ta kira sunanka.

An kafa turakun a ƙarshe, bayan damina biyu. Wutar tana zuwa, ta fi yawan tafiya. Gwaggo ta rasu a watan jiya, na je gaisuwa. Jikokinta sun karɓe ni da mutunci, wanda ya fi min zafi a kan a ce sun juya min baya.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. An yi mana sabon shugaba. Ya je wani taro a waje ya dawo da abin da ya kira sabon tunani: a riƙa ƙirga zafi tare da wuta, domin ƙasa tana asarar makamashi. Masana'antu da dama sun rufe injinansu kamar ku, abin ya fara damun gwamnati. Aka aiko ƙasan bene a nemo ko an taɓa yin wani aiki a kan haka. Ni aka aiko wa. Na miƙa musu sakin layina, ko waƙafi ba su canja ba. Yanzu suna so in dawo kwamiti in jagoranci gyaran, tunda, in ji su, ba ni da sauran ɗan'uwa a harkar.

Na je na sami mai kamfaninku, na ce idan dokar ta canja ko zai sake kafa wani. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, na tsufa da yarda da takarda."

Su mutanen ofis ban ba su amsa ba tukuna. Zuciyata tana ce min in ƙi, su nemi wani ya share abin da suka zubar. Ka nemi yafiyata tuntuni, na ce na yafe, amma ban nemi taka ba. Na ɗauke ka yaron da ba za a ba shi sirri ba, alhali kai ne mai abin. Layi ɗaya ya isa in rubuta maka, ban rubuta ba. Ka yafe min.

Za a sake zaman jin ra'ayi. Idan na karɓa, za ka zo ka yi magana?

Yayarka

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Gwaggo. Na yafe, babu komai a raina.

Ki karɓa. Namu ya wuce, amma akwai wasu layukan a bayan wasu katangu.

Ni ba zan zo ba. Lokacin casa ne, ba mai riƙe min injin, kuma gaskiya ban shirya ganin zauren nan ba. Zan rubuto duk abin da na sani, ki ba wanda ya fi ni sanyin baki ya karanta.

Idan hutunki ya ƙare, ki ƙara kwana biyu a gida. Mama ba za ta roƙe ki ba.

Naki,
Auta